Zuciyar Yaya Salihu

Kullum sai na kira Inna a waya. Ko aiki ya yi mini yawa ko bai yi ba, da na idar da azahar zan kira ta, mu gaisa, in tambayi mutanen gida, ta ce kowa lafiya. A makon nan da nake ba ku labari ma haka ta riƙa ce mini. Ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi biyu, ta ce riɗi ya yi kyau bana, har ta yi mini ƙorafin kajin maƙwabta. Ashe a ɗakin da ke kallon nata Yaya Salihu na kwance yana murƙususu da ciwon ciki, tana jin nishinsa da kunnenta tana gaya mini lafiya lau.

Yaya Salihu shi ne ɗanta na fari. Baƙo idan ya zo gidanmu a Sara sai ya rantse ba ita ta haife shi ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Idan za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku", in kuma ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Tun da aka yaye shi kakarmu Hajiya, mahaifiyar babanmu, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma har ta rasu. Wannan shi ake ce wa kunyar ɗan fari, kuma a unguwarmu da Inna ake ba da misali. Ni dai tun ina yarinya abin haushi yake ba ni, amma wa zai saurare ni?

Matarsa Munawwara ce ta gaji ta kira ni. Ina ɗakin aikina a asibiti a Birnin Kudu, inda nake ɗaukar hoton cikin mutane da na'urar sikanin, na ga kiranta. Ta ce kusan mako guda ke nan yayana ba ya cin komai, sai amai da zazzaɓi. Sun kai shi wani asibitin kuɗi a Gwaram, an yi ta ɗura masa ruwa da allurai wai taifot ne, amma yanzu ko numfashi da ƙyar yake ja.

Na ce, "Mako guda? Ni kuma ina nan a raye ba wanda ya faɗa mini?"

Ta ce, "Shi ya hana, wai kada a ɗaga miki hankali. Ni kuma na ɗauka Inna ta gaya miki, tunda kullum kuna waya."

Na ce mata su nemi mota yanzu yanzu, ko ta wace ce, su taho da shi.

Rana ta take sosai suka iso cikin wata tsohuwar bas. Maza biyu suka ciccibo shi. Mutumin da ke wuni a gona da garma, ga shi nan ya naɗe kamar tabarma, leɓɓansa sun bushe sun tsage. A ƙarshe sai ga Inna ta sauko da ƙullin leda a hannu. Ko kallon inda yake ba ta yi ba, ta nufo ni tana gyara mayafi.

Ta ce, "Na ga mota za ta taho, na ce bari in kawo miki kuka da daddawa."

Kuka da daddawa. Ɗanta yana bakin mutuwa, ta biyo motarsa don ba za ta iya zama a gida ba, amma sai ta nemo kayan miya ta fake da su. Ban karɓa ba. Na bar ta tsaye da ledarta na bi bayan gadon da aka tura shi a kai.

Dakta Haladu ne a bakin aiki, mutum mai natsuwa, mun daɗe muna aiki tare. Ya danna cikin Yaya, ciki ya yi tauri kamar katako. Ya tambaye shi daga ina ciwon ya fara. Yaya ya nuna cibiya, sannan ya ja yatsa zuwa ƙasa ta gefen hagu. Munawwara ta ce ita tun farko ta yi zargin afendis ne, don ƙaninta ya taɓa yi, amma mai asibitin Gwaram ya yi mata dariya ya ce afendis a dama yake, ko ɗan makaranta ya san wannan. Ta zaro hoton ƙirji daga jaka, wanda aka ɗauka a can da numfashinsa ya fara sarƙewa.

Dakta ya ɗaga hoton ya saita shi da haske. Ina tsaye a bayansa. Hoto dai lafiya lau: huhu biyu fes, zuciya ta karkata gefen da aka rubuta alamar hagu, kamar ta kowa. Ya ce ƙirji ba matsala, yana zargin hanji ne ya huje, in yi masa sikanin ciki kafin a kira masu tiyata. Har ya sauke hannu na riƙe hoton.

Ƙashin kafaɗa na gani, wannan siririn da ya taso daga gindin wuya. Akwai ƙulli a tsakiyarsa, alamar tsohuwar karaya da ta warke a karkace. Na san karayar nan. Ina aji uku a firamare Yaya ya faɗo daga amalanken shanu, mai ɗori ya ɗaure shi, kafaɗar ta zauna a sunkuye har yau. Kafaɗarsa ta dama ce, duk gidanmu an sani, shi ya sa a hagu yake saɓa garma. A hoton kuwa ƙullin yana gefen da aka rubuta hagu, gefe ɗaya da zuciya.

Na duba alamar da kyau. A ƙa'idar aikinmu, kafin a ɗauki hoto ana ɗora ɗan ƙarfe mai harafi a gefen da ya dace, ya fito a cikin hoton kansa, don kada a rikita dama da hagu. Wannan ba ƙarfe ba ne. Da hannu aka rubuta shi, da alƙalamin maka, bayan an wanke hoton. Na ja rigar Yaya na shafa kafaɗarsa ta dama, ga ƙullin nan a ƙarƙashin yatsuna.

Na ce, "Dakta, a juye hoton nan yake."

Ya dubi hoton, ya dubi kafaɗar, bai yi musu ba. Ya ce, "Mu je ɗakinki."

Muka tura shi. Munawwara ta shigo ta riƙe masa hannu. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba mu gefe, tana kallon bango kamar an ce mata akwai rubutu a jiki. Na kashe fitila, na matsa man sikanin mai sanyi a cikinsa, na ɗora kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, inda hanta take zama a jikin kowa. Babu hanta. Saifa ce ta fito a allo, 'yar ƙarama, tana motsi da numfashinsa. Na koma hagu, sai ga hanta ɓul, babba, ta cika allon.

Na canza kan na'ura na ɗauko na zuciya. Na sa shi a ƙarƙashin nonon hagu, inda nake sawa sau ba adadi a rana, ban ga komai ba sai hazon huhu. Na juya Yaya kaɗan, yana cije baki, na sa a ƙarƙashin nonon dama. Sai ga ta.

Shekaruna da dama a aikin nan, a littafi kawai na taɓa ganin irin wannan. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi masu buɗewa suna rufewa a tsakani. Ba ka gane ɗaki da gefen da ka same shi, da kamanninsa ake gane shi. Ɗakin ƙasa mai tura jini zuwa huhu bangonsa siriri ne, cikinsa kaushi, akwai wata jijiyar nama da ta ratsa shi, ƙofarsa kuma ta ɗan fi ta ɗan'uwansa sauka ƙasa. Mai tura jini zuwa duk jiki kuwa kauri gare shi, cikinsa sumul. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, Dakta Haladu na tsaye a kaina yana gyaɗa kai. Na bi manyan jijiyoyin biyu na ga kowacce daga ɗakinta ta fito. Na kunna launi, ja da shuɗi suka riƙa wucewa ta ƙofofin, babu inda jini ke komawa baya, babu huji a bango. Zuciya ce lafiyayya, ba abin da ya same ta, sai dai komai nata a juye yake kamar wanda ya tsaya gaban madubi.

Na kunna sauti, bugunta ya cika ɗakin, da sauri saboda zazzaɓi amma da ƙarfinsa. Dakta ya ce in ɗauki allon da wayata, yana so ya tura wa wani likitan zuciya a Kano ya gani kafin a sa wa Yaya maganin barci. Na ɗauka. Yaya ya buɗe ido ya ce mene ne wannan ƙarar.

Na ce, "Zuciyarka ce, Yaya. A dama take. Kai ba ka taɓa lura ba?"

Da ƙyar ya yi murmushi ya ce, "Yo ni na taɓa shiga ƙirjin wani ne balle in san inda tasa take?"

Ban iya dariya ba, don na riga na san abin da zan tarar a ƙasa. Mutumin da zuciyarsa da hantarsa da saifarsa duk suka yi musanyar wuri, afendis ɗinsa ma a hagu yake. Na gangara da na'urar zuwa inda ya nuna da yatsa. Ya fashe tuni. Mugunya ce ta taru tsakanin hanji, ta malala har cikin ƙugu. Abin da aikin ɗan lokaci zai raba shi da shi a kwanan farko, an bar shi ya ruɓe a cikinsa ana ɗura masa ruwan taifot.

Dakta Haladu ya fita da sauri. Kafin a jima an shirya ɗakin tiyata, an samo jini, masu tura gado sun zo. A bakin ƙofa Yaya ya ce su dakata. Inna tana nan, in ya miƙa hannu zai taɓa gefen zanenta. Amma ni ya kalla.

Ya ce, "Nasiha, ki ce wa Inna ta yafe mini."

Na ce, "Ga ta nan, Yaya. Ka faɗa mata."

Ya kau da kai. Shi ma haka aka raine shi, bai san yadda ake yi mata magana ba in ban da gaisuwar safe daga bakin labule. Na juya wajenta ina jira. Idonta na kan ledar kukar nan da har yanzu ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Ki ce masa bai yi mini komai ba. Allah ya ba da sa'a."

Aka tura shi. Wallahi ji na yi kamar in kama kafaɗunta in girgiza ta. Uwa da ɗa, ga su ga juna, wataƙila ganin ƙarshe ke nan, amma ni aka mayar 'yar aike.

Muka zauna a benci a barandar tiyata. Munawwara tana kuka a hankali, tana tambayata ko wannan juyewar ce za ta kashe shi. Na yi mata bayani cewa a'a, haka Allah ya halicce shi tun a ciki, mutane irinsa suna tsufa ba tare da sun sani ba. Haɗarin kawai shi ne ranar da ciwo ya zo, a neme shi a inda ba ya nan. Na ce da an sani tun da wuri, da duk inda ya je sai ya fara faɗa wa likita cewa kayan cikinsa a juye suke, shi ke nan. Munawwara ta ce ita dai ta sha jin bugun, amma ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Inna tana can ƙarshen bencin. Ba da ni take ba, ba da Munawwara ba, ƙasa take kallo, ta ce, "Ai tun yana tsumma a nan take."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Me kika ce, Inna?"

Ta ce, "In na goya shi a dama nake jin ta. Ku sauran duk a hagu."

Na miƙe tsaye. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba, sai da na ga mutanen baranda sun juyo.

Na ce, "Kin sani? Shekara talatin da wani abu kin sani kika yi shiru? Inna, wane aiki nake yi? Me nake dubawa tun safe har yamma? Sau nawa na zauna a ɗakinki ina ba ki labarin zuciyar 'ya'yan mutane, kina jin daɗi kina cewa Allah ya yi albarka? Kalma ɗaya ta gagare ki? Da kin ce mini 'Nasiha, duba mini yayanki', da ran nan na sa shi a mota."

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "A Gwaram fa? Munawwara ta ce kina wurin lokacin da mutumin nan yake cewa ba a afendis a hagu. Kina zaune. A waya fa? Mako guda kina ba ni labarin akuya."

Munawwara ta ja hannuna tana cewa in yi haƙuri, uwa ce. Na fizge. Na sani uwa ce, ai shi ya sa abin yake ci na. Da matar uba ce da ban ɓata bakina ba.

Da Inna ta yi magana, muryarta ba ta canza ba.

Ta ce, "Na taɓa faɗa. Yana wata uku na je wajen Hajiya na ce mata yaron nan ƙirjinsa ba daidai yake bugawa ba. Tsakar gida cike da mata ana surfe. Ta tafa hannu ta ce su zo su ji marar kunya, har ta san ƙirjin ɗan fari, gobe sai ta kira sunansa a kasuwa. Shekara guda ana yi mini waƙa da shi a bakin rijiya. Mahaifiyata da labari ya kai mata sai da ta aiko a ja mini kunne. Daga nan ban ƙara ba."

Na ce, "Hajiya ta rasu yau shekara nawa? Matan surfen nan ina suke? Rabinsu suna kabari. Wa kike jin kunya yanzu?"

Ta ce, "Bakin ne ya saba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na ƙyale ta, ba don na huce ba, don na ga ko na wuni ina ihu bango nake yi wa. Na koma ɗakin aikina na rufe ƙofa. Akwai mata masu ciki suna jira a layi, na wanke fuska na ci gaba da duba su.

An fito da shi da rai. Babban likitan tiyata ya ce sun wanke cikin iya ƙoƙarinsu, amma dafin ya riga ya shiga jini, sai dai addu'a. Aka kwantar da shi a ɗakin masu tsananin ciwo. Ma'aikatan sun yi abin da za su iya, a gabana aka yi komai. Washegari fitsari ya tsaya, jininsa ya riƙa sauka duk da magungunan da ake sa masa. Sau biyu na je na ce wa Inna ta shigo ta gan shi, an ba ta izini. Ta ce Munawwara ta shiga, ita tana nan. A ƙarƙashin tagar ɗakin ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna da carbi, ba ta ci ba ta sha ba, amma ƙafarta ba ta taka ciki ba. Bayan la'asar Yaya Salihu ya cika.

Ni na fito na faɗa mata. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta naɗe ɗankwalinta, ta tambaye ni ko an samu motar da za ta kai mu gida.

A Sara aka binne shi. Gida ya cika da masu gaisuwa, ni kuma kowace rana raina ƙara ɓaci yake yi. Munawwara ta suma sau biyu, ƙannenmu suna kuka, 'ya'yansa uku suna bin mutane da ido. Inna kuwa tana zaune a tabarma tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Tsofaffin mata suna fita suna yaba ta a zaure. Na ji wata da kunnena ta ambaci sunan Inna tana cewa, "Kubra akwai kara, ɗan fari guda amma ko ɗigon hawaye, irinsu sun ƙare." Na ce a raina Allah ya sa sun ƙare. Da ba don darajar makoki ba da na faɗa a fili.

Ana cikin zaman na hau babur na tafi Gwaram, na nemi mai ɗaukar hoton nan. Wani matashi ne, na same shi yana cin rake a ƙofar ɗakin. Na ajiye masa hoton na tambaye shi ina ƙarfen alama. Ya ce ya ɓace tun bara, ba a sayo wani ba. Na ce to da me yake gane hagu. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas, ya ce, "Hajiya, ai zuciya a hagu take. In na wanke hoto sai in duba inda ta karkata in rubuta." Na ce masa wanda ya rubuta wa wannan yana kabari. Ya ce Allah ya jiƙansa, kwana ne ya ƙare. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba, na kai ƙararsu inda ya dace, na komo. Ban ji sanyi ko kaɗan ba, don shi bai san Yaya ba, bai goya shi ba.

Tun daga barandar tiyata ban ƙara yi wa Inna doguwar magana ba. In gaishe ta, in ajiye mata abinci, in fita. Ranar da zan koma bakin aiki, da hantsi, ina haɗa kayana sai ta leƙo ta ce in zo. Na bi ta ɗakinta. Ta saki labule, abin da ba ta yi da rana, ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Na ga kin ɗauki abin nan a waya."

Na ce, "Wane abu?"

Na san abin da take nufi sarai. So nake ta faɗa da bakinta.

Ta ce, "Wanda kika nuna wa likita. Mai ƙara."

Wata zuciyar ta ce in ce na goge. Na zaro wayar na nemo shi na miƙa mata. Ɗan gajeren hoto ne mai motsi, fari da baƙi, ɗakuna huɗu suna matsewa suna sakewa. Ta kawo shi kusa da ido. Ta tambaye ni wannan fa, na ce ƙofa ce, ga ta tana buɗewa. Ta ce wannan mai kaurin fa, na ce shi ke tura jini duk jiki. Ta ce lafiyarta ƙalau ke nan. Na ce ƙalau, ba ita ta kashe shi ba.

Ta ce in ƙara sautin. Na ƙara, na sa ya riƙa maimaita kansa. Bugun ya cika ɗakin kamar ran nan. Ta saurara, ta saurara. Sai ta sassauta zanenta ta baya, ta zura wayar ta manna ta a gadon bayanta, ƙasa da kafaɗar dama, ta riƙe ta a wurin da hannu ɗaya. Ta ɗan sunkuya gaba yadda mai goyo take yi, ta fara jijjiga a hankali.

Ta ce, "Nan ne. Daidai nan."

Sannan ta ce, "Salihu."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake faɗa, ta sake, hawaye suna zuba a kan cinyarta, ba ta share ba. Ni kuwa ina tsaye da jakata a kafaɗa, kuma ko a lokacin haushinta nake ji. Yana da rai shekara talatin da wani abu, yana wucewa ta ƙofar ɗakin nan safe da yamma, da kunnuwansa biyu. Na buɗe baki in gaya mata ba ya ji, na kasa.

Mai babur ɗin da zai kai ni tasha ya yi ta danna oda a waje. Na leƙa na ce masa ya tafi, sai gobe. Na dawo na tarar allon ya ɗauke, wayar ta yi shiru, Inna tana ta laluben inda ake dannawa, ba ta iya ba. Na karɓa na kunna mata, na mayar da wayar gadon bayanta inda take.